Gyambon da Dada Ta Ajiye

Ranar da aka kai Dada makwancinta, ni aka ɗora wa raba ruwa a tsakar gida. Aikin ya yi mini daidai. Yarinyar da ke ɗauke da bokiti da moɗa ba a kallon fuskarta, ba a kuma rage murya saboda ita. Haka na yi ta bi daga wannan tabarma zuwa waccan, ina jin yadda ake rabon kakata kamar naman layya, kowa na yankar inda ya ga dama.

"Allah ya jiƙanta," in ji matar liman, "amma gaskiya akwai taurin kai. Ƙafa ɗaya fa. An ce a cire, ta ce a'a."

Tsohuwar da ta yi mata wanka ta gyara zama. "Ni dai da ƙafa biyu na wanke ta, yadda Ubangiji ya yi ta. Ba ta bar wa asibiti ko farce ba."

"Ai 'yar tata ce ta ja," in ji mai ƙosan bakin layinmu. Ta karɓi moɗa daga hannuna ba ta dube ni ba. "Wai tana shuka nama a kwano can ƙasar waje, za ta kawo a liƙa. Tsohuwa ta zauna jira."

"Ka haifi likita, gyambo ya kashe ka."

"Wace likita? An ce ta ɓeraye ce."

Wata ta fara dariya, ta tuna inda take, ta mayar da ita salati.

Na ci gaba da raba ruwa. Ni ba mai magana ba ce. A ajinmu ma malamai kan manta ina nan sai an zo raba takardun jarrabawa. Amma tun daga ranar nake jin labarin yana yawo, a bakin rijiya, a cikin a-daidaita, har a makarantarmu: wai wata tsohuwa a wajen Dayi ta ƙi asibiti saboda 'yarta ta yi mata alkawarin ƙarya. In na yi shiru, wannan labarin ne zai zama Dada. A ɗakinta nake kwana, ni kuma nake wanke ƙafar. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Dada mahaifiyar Baba ce. Bafulatana ce ta asali, amma shanun sun ƙare tun ba a haife ni ba, saura saniya ɗaya a bayan gida. Fillancin ma ya gudu daga bakinta, sai na zagi da na kiran saniya. Kunyar ce kawai ta zauna daram. Ba ta cin abinci a gaban surukai, ba ta dariya da baki buɗe. In abu ya yi mata daɗi sai ta ce, "Ba laifi." In ya yi mata ciwo ma, "Ba laifi."

Kindirmonta ya yi suna har bakin titi. Kullum takan rage ɗan tsohon nono a ƙaramar ƙwarya, tana ce masa iri, da shi take kama sabo. Ba mai taɓa ƙwaryar nan sai ita, sai ni daga baya, shi ma sai ta duba farcena. Takan rufe da faifai, ta lulluɓe da tsohon zane, ta tura ƙarƙashin gado. "Abin da ake yawan buɗewa ba ya kamawa," haka take cewa, ko ana zancen nono ko ana zancen mutane.

Ƙawata take ce mini. Ranar da aka sa ni karatu a gaban 'yan makaranta na kasa buɗe baki, na dawo ina kuka, ba ta rarrashe ni ba. Maburgi ta miƙo mini ta ce in kaɗa nono. Na yi ta kaɗawa har hannuna ya gaji. Da man ya taso ta leƙa ta ce, "Kin gani? Bai yi surutu ba, ya dai fito."

Da aka gano tana da ciwon suga aka hana ta zaƙi, ta ce wa Baba ta daina. Sai na riƙa ganin layin kiyashi ya taso daga bakin ƙofa, ya hau ƙafar gado, ya shige ƙarƙashin matashinta. Da ta lura ina bin layin da ido, ta ciro guntun mazarƙwaila ta gutsura mini. "Yanzu ɓarayi biyu ne," ta ce. "In an kama, tare za a ɗaure mu."

Gwaggo ce 'yarta ta fari, yayar Baba. A gidajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta san yana wurin. Wasu sun sassauta yanzu, Dada kuwa ta riƙe abin yadda ta gada. Ana yaye Gwaggo aka kai ta Funtua wurin ƙanwar Dada. Can ta girma, can ta shiga makaranta, ta yi ta yi har karatu ya kai ta Malesiya. Tunda nake ban taɓa jin sunanta a bakin Dada ba. "Waccan" take cewa. Akwai wata mai sayen nono da sunansu ya zo ɗaya da Gwaggo. Ita ma ta rasa sunanta a gidanmu, ta koma "mai koren mayafi" ko da wane mayafi ta zo.

Gwaggo takan kira idan ta tashi daga aiki, can dare ya yi, mu nan azahar. Baba yana gona, sai a ba ni wayar Mama in kai ɗakin Dada in buɗe murya. Dada ta juya wa wayar baya, ta jawo farantin wake tana tsinta. Gwaggo ta ce, "Ki gaishe mini da Dada, ki tambaye ta jiki." Dada tana ji sarai, amma sai ta jira na maimaita, sannan ta ce, "Ki ce mata ba laifi." Haka magana ke bi ta bakina kamar ruwa ta indararo. Abin da na lura shi ne duk lokacin da Gwaggo ke magana, hannun Dada yakan tsaya cak a cikin waken. Ba ta ɗaukar ko tsakuwa ɗaya sai an kashe wayar.

Ni na fara tambayar Gwaggo aikinta, don malamin kimiyyarmu ya ce kowa ya kawo labarin wani mai bincike. Ta ce a jikin kowane babban mutum, cikin ɓargo da cikin kitse, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zama komai ba. Jiki ajiye su yake kamar iri a rumbu, in an ji rauni ya ɗebo ya yi gyara da su. Ita aikinta ta ciro su daga kitse, ta rene su a ƙananan kwanuka masu murfi cikin wani akwati mai ɗumin jikin mutum. In sun yi yawa sai ta sa su a kan raunin ɓerayen da ke da ciwon suga, ta ga ko fata za ta rufe. Ta juya wayar ta nuna mini. Ni dai ruwa na gani ja-ja, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Ta ce abincinsu ke nan, in ya koma ruwan ɗorawa to sun cinye, sai a canza. Ko ranar Sallah sai ta je ta ba su. A madubin da ke ƙara girman abu kuwa kamar ƙananan kifaye suke, duk sun kwanta sun fuskanci gefe ɗaya.

Da aka kashe wayar Dada ta koma tsintar wakenta. Can ta ce, "Ƙawata, ashe kindirmo waccan ta tafi yi."

Wata rana Gwaggo ta kira muryarta a dushe. Funfuna ta shiga kwanukan, aikin wata da watanni ya lalace, duk ta zubar. Dada ta ce wa farantin wake, "Ki ce mata ta daina barin kowa da kowa yana buɗe mata ƙwarya."

Gwaggo ta yi dariya har da tari. "Ki ce mata abin da shugabanmu ya faɗa ke nan, sai dai shi da Turanci ya yi faɗan."

Daga nan Dada ta samo hanyar alfahari ba tare da ta karya kunya ba. In mata sun zo sayen nono sai ta ce, kamar tana zancen wani gari, "Na ji an ce akwai wata yarinya, 'yar yankin nan ce wai, tana renon naman mutum a kwano. Duniya." Kowa ya san wace yarinya ce. A nan mai ƙosai ta tsinci nata labarin.

Da kaka, bayan an kwashe masara, Dada ta bi saniya cikin gona ta taka kututturen kara. Ba ta ji ba, sugan ya riga ya kashe mata tafin ƙafa. Ni na ga busasshen jini a silifas ɗinta da yamma. Ramin bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Bai rufe ba. Aka sa zuma, aka sa ganye, aka kai ta asibiti a Malumfashi aka kankare aka ɗaure. Nas ta koya mini wanki da ruwan gishiri, kafin in tafi makaranta da bayan na dawo. Na san gyambon nan fiye da yadda na san fuskata. Na ga lokacin da bakinsa ya yi fari ya yi tauri kamar ɓawon kabewa. Na ga lokacin da ƙaramin yatsa ya fara duhu, na kusa da shi ya bi. Sai wari. Dada ta sa ana turara ɗakin safe da yamma. Ƙannena suka daina shigowa, masu sayen nono suka koma wani gidan. Da kanta ta zubar da irin ta kife ƙwaryar.

Likitan asibitin mai haƙuri ne, Mama yake ce wa Dada. Da farko ya ce yatsu biyu. Da muka koma ya ce rabin tafin. Daga baya ya zaunar da Baba ya nuna ƙasan gwiwa da bironsa, ya ce in ba a yi ba dafin zai shiga jini. Dada ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, na gode. Akwai mai zuwa da magani."

Ranar Baba bai koma gona ba. Ya tsaya a zaure ya kira Gwaggo da kansa, ina ji daga bayan ƙyaure. Ban taɓa jin ya ɗaga wa yayarsa murya ba sai ranar.

"Yaya, ke kika sa mata abin nan a kai. Ke za ki cire."

"Ban taɓa cewa zan kawo mata magani ba. Wallahi ban taɓa ba."

"Ai ba sai kin ce ba! Tana ji! Mu muna nan cikin wari, ke kina can kina kiwon ɓera."

"Kai mini wayar ɗakinta."

Baba ya kai, ya ajiye a kan gado, ya fita. Gwaggo ba ta ce "ki ce mata" ba. Ta ce, "Dada, ni ce. Don Allah ki saurare ni."

Dada ta dubi bango. Sai ta dafa gado ta miƙe a kan ƙafar da ta yi makonni ba ta taka ba, ta fita tsakar gida tana barin ɗanyen sawu a siminti. Ta zauna a gindin turmi tana haki. Gwaggo na ta magana, ɗaki ba kowa sai ni.

Na ɗauki wayar na bi Dada. Gwaggo ta koma yadda aka saba, tana yi a hankali don in iya ɗauka. Ki ce mata abin nan bai kai ga mutum ba. Ki ce mata ko a ɓerayen, wani ya warke wani bai warke ba, kuma ba mu gama sanin dalili ba. Ki ce mata shekaru ne a gaba, wataƙila ma ba a hannuna zai ƙare ba. Ki ce mata naman da ya riga ya mutu babu abin da ke tashinsa a duniyar nan. Ki ce mata ta yarda a yanke.

Na maimaita duka, ban rage ko kalma ba. Wannan nake so a sani. An gaya mata, ta kuma ji.

"Ki ce mata na ji," in ji Dada. "Ta ci gaba da aikinta."

Washegari da safe ina warware bandeji, ya manne, ina jiƙawa ina ja a hankali. Na yi ƙarfin hali na ce, "Dada, ai kin ji abin da Gwaggo ta ce."

"Ni ba kurma ba ce."

"To me ya sa?"

Ta daɗe tana kallon ƙafar kamar ta wani ce.

"In aka yanke, ranar da ta gama, a ina za ta zuba?"

Na ajiye bandejin a gefe.

"Ƙawata, ban goya waccan a gaban mutane ba. Ban yi mata kitso ba. Ranar da aka kai ta Funtua ina bayan gida ina tatsa, ban fito ba. Zannuwan da take kawowa rabarwa nake, don kar a ce ina cin na 'yar fari. Ban taɓa neman komai a hannunta ba." Ta nuna gyambon da haɓa. "Sai Allah ya ɗauko abin da ta ƙare rayuwarta tana nema wa magani ya sa shi a jikina. In bar ɗan mutane ya yanke ya jefar? Na ajiye mata."

Na ci gaba da wanki. Ruwan kwanon ya koma kalar ƙasa.

Na gaya wa Mama, Mama ta gaya wa Baba. Mama ce ta kawo dabara: a ce wa Dada maganin ba ya kama tsohon ciwo sai sabon yanka, in an yanke Gwaggo za ta zo ta zuba a wurin ɗinkin. Gwaggo ta ƙi. Ta ce aikinta duka a kan kar ta faɗi abin da ba ta gani ba ne, ba kuma za ta fara da uwar da ta haife ta ba. Baba ya ce, "To ki riƙe gaskiyarki, mu za mu riƙe gawa." Ya kashe. Suka yi kwanaki ba sa magana. Duhun ƙafar Dada ya wuce idon sawu.

Ranar da zazzaɓi ya fara kaɗa Dada, Gwaggo ta kira. Dada na kwance, fuska ga bango. Gwaggo ta yi gyaran murya, ta sake yi, sannan ta ce, "Ki ce mata mun samu ci gaba. Ki ce mata maganin a sabon yanka yake kamawa. A yanke, ina nan tafe da shi."

Na maimaita.

Dada ta yi mini alama da hannu in kashe. Ta juyo, idonta ya yi ja saboda zazzaɓi.

"Kin ji ta yi gyaran murya?"

"Na ji."

"Har sau biyu. Haka take yi in za ta yi ƙarya. Tun tana 'yar mitsitsiya, in an kawo ta hutu, ina daga ɗaki ina jin ta a tsakar gida. A ce wa ya sha nonon nan? Sai ta yi ƙehem-ƙehem ta ce mage." Kafaɗarta ta motsa, dariya ce ba sauti. "Har yau ba ta iya ba."

Ta lumshe ido, na ɗauka barci ne. Can ta ce, "Tunda har na kai ta ga yi mini ƙarya, abin ya isa. Kira babanki. A yanke."

A ranar aka samo mota aka kai ta Malumfashi. Likita ya duba ya ce jikin ba zai ɗauki aiki ba sai zazzaɓin ya sauka. Aka sa mata ruwa, aka yi ta allurai. Bai sauka ba. Ta daina gane mutane, tana ta kiran saniya da Fillanci. Mama ta riƙa kai kunne kusa da bakinta ko za ta ji wani suna ya fito. Bai fito ba. Da hantsi, ina goge mata leɓe da jiƙaƙƙiyar auduga, ta cika.

Gwaggo ta iso ana sadakar uku. Tana shigowa tsakar gida hira ta ɗauke. Mata suka yi mata gaisuwa yadda ya kamata, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, idonsu na kan jakarta. Ta durƙusa wa tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi kuka ba. Ita da Baba suka gaisa kamar baƙi a tashar mota.

Da la'asar ta same ni a ɗakin Dada ina naɗe tabarma. Turaren bai gama korar warin ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Abu ɗaya nake so ki gaya mini, kar ki rage komai. Ta tafi tana jira na da magani?"

Na ce a'a. Na ce ta san ba gaskiya ba ne.

Gwaggo ta ɗago. "Wa ya gaya mata?"

"Ba kowa. Kin yi gyaran murya. Ta ce haka kike yi tun kina ƙarama, kamar ranar da kika sha nono kika ce mage ce."

Ta kalle ni kamar da wani yare na yi mata magana. "Ai ba ta wurin ranar. Ba ta taɓa zama inda nake ba. In na zo hutu ɗaki take shigewa."

"Ta ce daga ɗakin take ji."

Gwaggo ta juya ta dubi ƙofar. Ta tashi ta koma can ƙuryar gado, inda katifa ta lotsa saboda zaman Dada, ta zauna ta sake dubawa. Daga nan, ta tsakanin labule da bango, ana ganin tsakar gidan kaf, har gindin turmi da bakin randa, na waje kuwa ba ya ganin wanda ke ciki. Ni na san haka tun tuni. Ita sai ranar ta sani, da furfura a gaban kanta.

Nan ta zauna har aka kira magariba. Na ja mata labule na fita. Sai a lokacin na ji kukan, ƙasa-ƙasa, irin na gidanmu.

Bayan sadakar bakwai ta koma, don kwanukan ba sa jira.

Allah ya jiƙan Dada, ya sa ciwon nan ya wanke mata abin da ta yi kuskure, ya tashe ta a kan ƙafafunta biyu lafiyayyu. Ya haɗa ta da 'yarta ta fari a gidan da za ta iya juyowa ta dube ta. Amin.